Sabar Injiniya Zailani da Ƙosan Kande

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramar jami'ar nan mai zaman kanta da ke bayan garin Daura, kan hanyar Sandamu, ya san Zailani Yelwa. In ma bai san shi ba, to ya san satifiket ɗinsa, don guda uku aka buga: ɗaya a bangon ofis, ɗaya a zauren gidansu, ƙaramin kuma yana aljihun gaba saboda tsaro. Kwas ne na kwana tara ya je Kaduna, zazzaɓi ya cinye kwana biyu a ciki, amma tun ranar da ya sauko daga mota ya daina amsa Zailani tsurarsa. Sai an ce Injiniya.

Aikinsa a da shi ne zaro takardar da ta maƙale a firinta, da ce wa mutane su kashe su sake kunnawa. Abin da ke ransa kuwa kujera ce. Tun da aka buɗe jami'ar aka sayo wata baƙar kujera mai juyawa don Daraktan Sashen Kwamfuta, ba a naɗa darakta ba, ta zauna a lungun ofis da ledarta. Kullum da safe Zailani sai ya shafa ta kafin ya zauna a kan bencinsa.

Kwamfutocin jami'ar bakwai ne, tsofaffi, kowacce a ofishinta, kowacce da halinta. Ta laburare ba ta son zafi. Ta ofishin jarrabawa ba ta tashi sai an mare ta a gefe. A kansu Zailani ya rubuta tsari mai shafi arba'in, ya buga kwafi talatin, ya raba wa manya a taron wata.

"A kimiyyance," ya fara, don da wannan kalmar yake buɗe kowace magana, ko gaisuwar jego ce, "zamanin kwamfuta bakwai ya wuce. Babbar kwamfuta ɗaya za mu saya, ana ce mata saba. Manhajar da zan ɗora mata kuwa ko sisi ba a biya. Masanan duniya ne suka taru suka rubuta, suka bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka."

Magatakarda, Alhaji Jibril Kabo, wanda ke gyangyaɗi, ya ji an ce ba a biya, ya buɗe ido ɗaya. "Bisa ƙa'ida, wannan abu ne mai kyau."

"A cikin akwatin nan guda," Zailani ya ci gaba, yana zana akwati a iska, "zan ƙera kwamfutoci bakwai. Kowacce da aikinta, kamar dai waɗannan na ofis."

Malam Kalilu na Sashen Larabci ya ɗaga carbinsa. "Akwai magana a nan. Su bakwai ɗin, ana ganinsu?"

"Ba a gani, Malam."

"Ana taɓa su?"

"Ba a taɓawa."

"Amma suna aiki."

"Ba dare ba rana."

Malam Kalilu ya karanta wani abu ƙasa-ƙasa ya tofa a hagunsa. "Mu a littattafanmu mun san halittar da ke da wannan siffa."

Hajiya Maiturare, mai kula da jarrabawa, ba ta yi dariya ba. Shekara huɗu tana tara makin ɗalibai kamar mai tara kayan ɗaki. Ta ce, "Injiniya, in akwatin ya mutu fa?"

Zailani ya yi murmushin likitan da aka tambaya ko allura tana da tsini. "Hajiya, an yi tanadi. Akwai ta takwas. Aikinta kawai ta kwafe duk abin da bakwai ɗin suka sani ta adana."

"Ita kuma ina take zaune?"

"Cikin akwatin mana. Ai nan ne ci gaban."

"Mu a Dutsi ba a zuba iri a rumbun ci. In gobara ta zo, kada a rasa tuwon bana a rasa na baɗi."

"Hajiya, rumbu muke magana ko kimiyya?"

Aka yi dariya, Zailani ya fi kowa. Farfesa, shugaban jami'ar, ya buga tebur. Ya tuna musu cewa ɗaliban farko da za a yaye, su ɗari biyu da sha huɗu, dole Majalisar Jami'a ta amince da sakamakonsu ranar ashirin ga azumi, in ba haka ba bautar ƙasa ta bana ta wuce su, sai su zauna shekara guda a gida. Ya dubi Zailani. "In ka nuna mana sakamakon nan a cikin sabarka ranar, kujera taka ce."

"An gama, ranka ya daɗe."

"In sha Allahu," in ji Malam Kalilu.

"Wannan ai ba sai an faɗa ba, Malam."

Saba ta iso a bayan a-kori-kura, baƙa, tsayinta ya kai ƙugu. Sai neman ɗaki. Duk jami'ar ɗaki ɗaya ne mai silin mai kyau da ƙofar ƙarfe, shi ne ma'ajiyar takardun jarrabawa. Aka yi dace, a wajen Zailani, 'yar Hajiya Maiturare ta haihu a Zango, Hajiya ta tafi sai bayan suna. A mako gudan nan ya kwashe duk abin da ke cikin tsofaffin kwamfutocin ya zuba a sabar, kuma don Allah a faɗi gaskiya, ya shiga. Sannan ya goge tsofaffin tas, ya raba su sadaka ga makarantun firamare, aka ɗauke shi hoto yana miƙawa da hannu biyu.

Takardun ma'ajiya buhu shida suka cika: takardun amsar ɗalibai, da na kiran suna, har da manyan takardun sakamako masu tambarin jami'a da Bismillah a samansu, kamar yadda mai jami'ar ya sharɗanta tun ranar da aka buɗe ta. Zailani ya sa aka tura su a baro zuwa bakin get, wajen Kande mai ƙosai.

"Iya, ga abin naɗi. Kyauta."

Kande ta leƙa buhu ɗaya. "Ɗan nan, ba na wani ba ne?"

"Na jiya ne, Iya. Mu yanzu mun wuce takarda."

Da Hajiya Maiturare ta dawo ta tarar da ɗakinta an yi masa fenti, an sa iyakwandishan, an shimfiɗa sola a rufi da batura takwas a gefe. Ta ce ina takardunta. Zailani ya dubi silin ya ce suna babban sito. Makullin babban sito yana hannun mutumin da ya tafi Umara. Hajiya kuma ba ta cin ƙosan bakin titi. Haka magana ta kwanta.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Rana ta buɗe irin wadda ƙadangare ke tsallaka titi da gudu. Wutar gari kuwa ta ɗauki nata azumin, ba sahur ba buɗa-baki. A duk faɗin jami'ar wuri ɗaya ne mai sanyi, kuma Zailani ya manna masa takarda a ƙofa: BA A SHIGA.

Ranar biyu ga wata, bayan azahar, Magatakarda ya ƙwanƙwasa. "Bisa ƙa'ida, dole in duba kayan jami'a."

Ya shiga, sanyi ya doke shi, ya ce "Allahu Akbar" a hankali. Ya duba sabar daga tsaye, ya duba ta daga zaune, sannan ya ga ya kamata ya duba ta daga kwance. Sai kiran la'asar ya tashe shi. Zailani yana tsaye a bakin ƙofa. Mutumin a haife ya haife shi, kuma takardar naɗin darakta sai ta bi ta teburinsa. Da wane baki?

Washegari Magatakarda ya zo da tabarma. Ranar huɗu ya zo da shugabannin sassa biyu don su taya shi dubawa. Ranar shida Malam Kalilu ya shigo da sallama, da wani ƙunshi ɗaure a tsohon zane a hammatarsa. Ya ce ya zo ne ya yi wa ɗakin addu'a saboda baƙin nan bakwai. Ya yi addu'ar, ya tada kai da ƙunshin, ya bi sahu. Kafin goma ga wata dattawa sha ɗaya ne ke jere a ƙasa kamar buhunan gero, kowa ya san gurbinsa.

Mai kwanciya kuma ba ya barin wayarsa ba caji. Daga waya aka koma fitila. Daga fitila Magatakarda ya aiko da ɗan firji, don a samu ƙanƙarar shan ruwa. Shugaban Sashen Noma ya ga haka ya kawo nasa, wanda ya fi girma.

Hajiya Maiturare ta tare Zailani a baranda. "Injiniya, baturan nan za su ɗauka?"

"A kimiyyance, Hajiya, ko injin markaɗe aka jona musu ba za su ji ba."

Suka ji. Da firji biyu suka tashi tare, iyakwandishan sai ya yi tari ya ɗauke, ya dawo da rabin ƙarfi. Sabar ta fara wani siririn kuka, ɗit, ɗit, ɗit.

"Zailani," in ji Magatakarda daga kwance, ko Injiniyan bai sa ba, "abar nan taka tana hana bayin Allah hutawa."

Kukan gargaɗi ne na zafi, Zailani ya san haka, don ranar da aka koyar da shi zazzaɓin ya sake shi. Ya dubi furfurar da ke shimfiɗe a ƙasa. Ya shiga cikin manhajar ya kashe kukan.

"Ka ga ilmi," in ji Magatakarda, ya juya ɗaya gefen. Kafin ya koma barci ya sa aka karkata bakin iyakwandishan ya daina hura akwati ya fuskanci mutane, don akwati ba ya azumi.

Sai matsalar alƙibla. Dattawan sun ga fita masallaci a ranar nan wahala ce, suka fara jam'i a ɗakin, Malam Kalilu na ja. Sabar kuwa daidai gabas take, tana ƙyafta fitilu kore da ja. Bayan sallama Malam ya juyo.

"Akwai magana a nan. Na yi niyyar karanta Sabbi, na tsinci kaina ina ƙirga ƙyaftawar abin can. Sallah ba ta yiwuwa da abu yana kashe wa liman ido."

"Malam, ba a matsar da ita, wayoyin..."

"Ban ce a matsar ba. A suturta ta."

Aka kawo bargo mai kauri, irin na 'yan Makka, mai hoton damisa, aka juya damisar ciki, aka lulluɓe sabar ruf har ƙasa. Zailani ya buɗe baki. Magatakarda ya ce, "Af, na tuna, takardar nan taka ta iso teburina jiya." Zailani ya rufe baki, har ya taya su gyara gefen bargon.

A ranar sha biyar aka gano wata baiwar. Shugaban Sashen Noma ya jingina da bargon ya zabura. Saman akwatin ya yi zafi kamar murhun da aka sauke wa tukunya. Tun daga ranar duk wanda aka aiko wa kunu daga gida da la'asar, sai ya ɗaga bargo ya ɗora kwanonsa a sama ya mayar ya rufe. Ana kiran magariba kunu na tururi.

"Wannan ma yana cikin tsarin?" Hajiya Maiturare ta tambaya.

"Shafi na talatin da biyu," in ji Zailani, don ya tabbata ba wanda ya kai can.

Ranar ashirin ga azumi ta zo. Zailani ya sa babbar riga da hula zanna, ya rataya katin aiki a kai. Ya roƙi dattawa su naɗe tabarminsu, suka naɗe suna ƙunƙuni, aka tura su lungu tare da ƙunshin Malam. Bayan la'asar Majalisa ta taho, Farfesa a gaba, wakilin hakimi a gefensa, wasu iyayen ɗalibai da ɗaliban kansu sun cika baranda suna leƙe ta taga. An haska majigi a bango, ga sunayen sassa bakwai sun fito reras. Sabar tana aiki. Da ƙyar take numfashi, amma tana aiki, kuma da Zailani ya danna abin da ya kamata ya danna a lokacin nan, da yanzu wani labarin ake ba ku.

Amma ya ga a talabijin yadda ake ƙaddamar da abu. Ana yaye masa mayafi ne.

"Ranka ya daɗe, manyan baƙi, a kimiyyance, yau Daura ta shiga sahun duniya. Ga ta!"

Ya kama gefen bargo ya fizge da ƙarfi ɗaya.

Samirar Magatakarda ce a sama, babba, cike da kunun tsamiya, an ɗora ta tun ƙarfe uku. Ta yi tsalle, ta kife, murfin ya yi nasa wuri yana kaɗawa a siminti. Kunu ya bi ramukan iskar sabar ya gangara ciki a natse, kamar dama can aka aiko shi. Aka ji tas, tas. Fitilu kore suka koma ja, ja suka koma babu. Bangon ya yi fari. Ɗaki ya ɗauki ƙamshin tsamiya da ƙonanniyar roba.

Magatakarda ne ya fara magana. "Kununa."

Farfesa ya cire tabarau. "Injiniya, me ya faru?"

"Ranka ya daɗe, tana... hutawa."

"Su bakwai ɗin fa?"

"Suna ciki."

"Sun ƙone?" in ji Malam Kalilu, da alamar samun sauƙi a muryarsa.

Hajiya Maiturare ta matso. Ba ta ɗaga murya ba. "Kira mana ta takwas."

Zailani ya dubi akwatin. Wani ɗigon kunu ya fito ta ƙasa ya tsaya a bakin takalminsa.

"To tsofaffin kwamfutocin," in ji Farfesa.

"An goge, ranka ya daɗe. An yi sadaka."

"Takardu?"

"Suna babban sito," in ji Hajiya Maiturare. "A fasa ƙofar."

Zailani ya ce ba sai an fasa ba. Aka ce me ya sa. Ya ce ƙofar tana da tsada. A baranda wata ɗaliba ta fara kuka, wani uba yana tambayar a nuna masa wanne ne Injiniyan. Ana cikin haka aka kira magariba, kuma yunwa ba ta jiran bincike. Aka shimfiɗa tabarmi a barandar, aka kawo dabino da ruwa da ƙosai mai zafi daga bakin get, ƙunshi-ƙunshi.

Farfesa ya buɗe nasa. Ya kai ƙosai baki, ya tsaya. Ya karkata takardar wajen haske.

"Sashen Noma, aji huɗu," ya karanta. "Tambaya ta uku: kawo cututtukan gyaɗa guda biyar."

"Ni nawa Larabci ne," in ji wakilin hakimi. "An ba shi sha biyu cikin ashirin."

Wani ɗalibi daga baya ya ɗaga tasa, mai ya huda ta. "Wallahi rubutuna ne!"

Hajiya Maiturare ta juyo ta dubi Zailani. Shi kuwa ya duƙufa kan dabino kamar an ba shi aikin ƙirga ƙwallayen.

Aka kira Kande. Ta zo da matsamin ƙosai a hannu, tana goge ɗaya hannun a zane.

"Baiwar Allah," in ji Farfesa, "buhu nawa aka ba ki?"

"Shida, Alhaji. Huɗu sun tafi, azumi ne, ciniki ya buɗe. Ɗaya na ba mai tsire na Sandamu, na ƙarshen nake kai yanzu."

Hajiya Maiturare ta matso kusa da ita. "Har da masu tambari? Dogaye, masu layi-layi?"

"Masu Bismillah a ka?" Kande ta ja baya kamar an zage ta. "Haba Hajiya. Ban yi boko ba, amma na yi allo. In naɗe ƙosai da sunan Allah, a ci a yar a kwata? Ɗaya bayan ɗaya na tsince su, kwana uku ina yi. Na ɗaure a zanena na kai wa Malam, na ce ya ƙona su yadda ya dace."

"Wane Malam?"

Ta nuna da matsami.

Malam Kalilu yana tsakiyar kurɓar ruwa. Ya haɗiye a hankali. "Akwai magana a nan."

"Ka ƙona?" Farfesa da Hajiya suka tambaya tare.

"Ƙona irin wannan ba a yi masa gaggawa. Na yi niyya bayan Sallah. Kafin nan na ga bai kamata a bar su a ƙasa ba, sai na sa su a inda ya fi daraja a jikina."

Hajiya Maiturare ba ta jira ƙarshen bayani ba. Ta shiga ɗakin saba, ta tsallake tafkin kunu, ta ɗauko matashin Malam daga lungu. Aka kwance zanen a gaban kowa. Ga su nan, manyan takardun sakamako, shekara huɗu cif, da sa hannunta a ƙasan kowacce. Tsakiyarsu ta lotsa daidai girman ƙeyar Malam. Ta ƙirga sunaye tana motsa leɓe.

"Ɗari biyu da sha huɗu."

Aka ɗauki kabbara. Uban da ke neman Injiniya ya rungume Malam Kalilu, wanda ya karɓi godiyar da tawali'u.

Zailani ya miƙe ya gyara babbar riga. "A kimiyyance, ranka ya daɗe, dama na ce akwai ajiya a ɗakin saba."

"Zauna," in ji Farfesa.

Majalisa ta amince da sakamakon nan take, a kan tabarma, da hannuwa masu maiƙo. Kafin a tashi Farfesa ya ce saura magana ɗaya. Ya yi alkawarin kujera ga wanda ya kawo sakamako ranar ashirin, kuma shi ba ya saɓa alkawari a cikin azumi. Magatakarda ya ce bisa ƙa'ida ba a naɗa darakta sai mai digiri. Farfesa ya ce shi bai ambaci naɗi ba.

Bayan Sallah Zailani ya koma bencinsa da firintarsa. Lungun ofis ya zama fili. Hanyar fita kuwa ɗaya ce, ta bakin get, inda Kande ke zaune a baƙar kujera, ledar tana nan ba ta cire ba saboda mai. Ta juya dama ta tsamo ƙosai, ta juya hagu ta miƙa wa mai saye, ƙafarta ko taɓa ƙasa ba ta yi.

Ya yi mako guda yana wucewa da waya a kunne. A rana ta takwas yunwa ta fi ƙarfinsa, ya tsaya.

"Iya, a ba ni na ɗari."

"Injiniya da kansa! Har da gyara."

Ta juyo a kujera, ta yago shafi daga wani tarin farar takarda mai kyau, ta naɗe masa. Yana karɓa ya ga zanen akwati da ƙananan akwatuna bakwai a cikinsa. Tsarinsa ne. Kwafi talatin ɗin nan, Hajiya Maiturare ce ta bi ofis-ofis ta tattaro mata.

"Iya, wannan ai..."

"Kwantar da hankalinka, ɗan nan," in ji Kande, ta juya wajen kaskonta. "Shafi arba'in ɗin nan duk sai da na duba, ciki da bai. Ko'ina babu sunan Allah."